Mutanen da Ban Rubuta Ba

Unguwar Gawo,
ƙasar Kurfi.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga yayan su Rabi,

Ka yi mini afuwa da na ɗora maka karatun wannan doguwar takarda, alhali na san aikin da aka ɗora maka a ofishin hakimi ya ishe ka. Na san kuma za ka yi mamakin ganin rubutuna, don tun da Allah ya kawo ka duniya ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba, balle in aiko maka da wasiƙa. Ba ƙi ba ne, ka san yadda muke da ɗan fari. Da magana ce mai aikuwa da na aiko Rabi ko Malam ya faɗa maka. To ba mai aikuwa ba ce.

Bayan haka ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka koma Dutsin-Ma lafiya, ka sami masauki wurin mutanen kirki. Allah ya tsare ka a hanya da wurin kwana, ya tsare ƙafarka da alƙalaminka. Malam yana gaishe ka, ƙannenka duka suna gaishe ka. Labarin gida ba shi ya sa na jiƙa tawada ba, don haka zan bar shi.

Ran da ka zo yi mana sallama, bayan la'asar, ka shimfiɗa wa Malam taswirar nan a kan buzu a tsakar gida. Ni ina bayan zana ina tankaɗe, ba ka gan ni ba, amma ina jin ku. Ka ɗauki tsinke kana nuna masa: ga Kurfi, ga Wurma, ga Barkiya, ga hanyar da ta gangara Dutsin-Ma, ga Karofi inda za a tura ka ƙidayar mutane. Ka ce ƙananan zoben nan duwatsu ne, zaren nan kuma rafinmu ne. Malam ya ce, "To mu ina muke?" Ka ɗora yatsa a wani fili fari, ka ce wajen nan ne, amma ba a sa mu ba, don ba a sa ƙananan wurare.

Sannan ka ba shi labarin tsohon malamin da ke koya muku aikin, wanda ya buɗe muku littafin ƙidayar baya. Ka ce ka nemi Unguwar Gawo ka samu, abin da aka rubuta mana kuwa ko kusa bai kai yadda muke ba. Ka ce malamin ya gaya muku cewa da wannan littafi En'e, wato hukumar gargajiya, ke duba inda za a haƙa rijiyar siminti, da unguwar da ta isa a ba ta mai unguwa nata, da wadda za a jingina da wata. Ka yi dariya ka ce, "Wanda ya ƙirga mu dai barci yake yi."

Rariyar da ka ji ta faɗi, tawa ce. Ba barci nake yi ba. Idona biyu, da alwalata ma, na rubuta takardar waccan ƙidayar.

Kwana shida ke nan, har yanzu abin bai bar raina ba. Ina cikin salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Bari in gaya maka yadda aka yi tun daga fari, don aikin da na ɓata shi ne aka ba ka yanzu.

Lokacin kana ɗan shekara goma sha ɗaya, tun ba a sami mulkin kai ba, aka aiko malamin ƙidaya daga Kurfi. Saurayi ne kamar kai yanzu, a kan keke, da wandon kaki. Ya sauka gindin gawo, marigayi mai unguwa Tanko ya tara masa magidanta. Maza manya an ƙirga su a ƙofar gida ba wuya. Sauran mata da yara na ciki, shi kuwa namiji ne baƙo, ba ya shiga. Magidanta kuma kowa ka tambaya iyalinsa nawa sai ya ce alhamdu lillahi. Ga hadari ya haɗo, yaron yana so ya kai Barkiya kafin rafi ya kawo. Sai mai unguwa ya ce ai matar Malam ta yi sauka, tana da rubutun ajami mai kyau, mata kuma ba sa ɓoye mata komi. Aka nemi izinin Malam, ya ba da. Aka ce in bi gida gida in rubuto sunayen mata da yara, jibi malamin zai biyo ya karɓa.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Na fere sabon alƙalami. Na ce bari in fara da gidanmu don kada a ce na tona na wasu na rufe nawa. Na rubuta kaina, na rubuta Rabi, na bi ƙannenta har kan wanda ke bayana a goye. Kai kuwa da na zo kanka sai hannuna ya ƙi. Sunan nan ban taɓa furta shi ba tun ran da aka raɗa maka, sai na ga rubuta shi ma rashin kunya ne. Na ce a raina ai a ɗakin Iya kake kwana, in na zo kan kakarka sai in haɗa ku. Na shiga wurin Iya, Allah ya jiƙanta, tana kaɗi. Ta ce, "Rubuta ni da mijina, ki ce ma bai iya cefane ba." Muka yi dariya. Na rubuta Iya, na tsaya da alƙalami a sama har tawada ta bushe, na tashi na fita. Ita ba ta karatu, ba ta san na tsallake mijin nata ba.

Da a kanka kaɗai abin ya tsaya da da sauƙi. Gida na biyu gidan su Kande ne, maƙwabciyarmu mai ƙosai, ka san bakinta. Tana ƙirga mini nata sai ta tsaya, ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Malama, ke kin sa naki na farin?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To in matar Malam ba ta sa ba, ni ce marar kunyar unguwa?" Kafin in kai gida na biyar magana ta riga ni: an ce Malama ta ce ba a sa ɗan fari. Ban ce ba, Allah shi ne shaida. Amma ban kuma ce a sa ba. Gida gida, ɗaki ɗaki, kowace mace ta ba ni 'ya'yanta ban da babban, wasu ma ban da biyu na farko, musamman waɗanda ke da jinin Fulani. Ina ganin yaran da idona suna wasa a tsakar gida, ina tsallake su, ina jin ma na kyauta, na raya kunya.

Don haka ga abin da zan gaya maka. In ka isa ƙauyukan Karofi, kada ka tambayi mace 'ya'yanta nawa, kada ka sa a tambayo maka haka. Ba za ta yi maka ƙarya ba, amma ba za ta gaya maka gaskiya ba. Ka sa a fara mata daga auta. A ce wa auta ke bi? Za ta faɗa. Shi kuma wa yake bi? Za ta faɗa. A yi ta hawa da ita har a zo inda za ta yi shiru ta dubi ƙasa, ko ta ce "wancan", ko ta tashi wai tukunya na ƙonewa. Shirun nan mutum ne, ka rubuta shi. Sunansa kuma ka nema wurin kaka ko goggo, su bakinsu a sake yake, har da ƙari za su ba ka. Kada kuma ka yarda da "yana ɗakin kakarsa" sai ka duba ka ga an sa shi a can. A tsakanin ɗakina da ɗakin Iya ka ɓata, taku goma bai cika ba.

Na biyu, jarirai. A lokacin akwai masu jego a unguwa, wasu ba a yi suna ba tukuna. Na ce wanda ba shi da suna mi zan rubuta? Na wuce. Waɗanda aka yi wa suna kuma uwayensu suka roƙe ni in bari su yi ƙwari, wai kada baki ya kama su, wai abin da aka ƙirga raguwa yake yi. Ni da na yi karatu na san rai da ajali ba a hannun alƙalami suke ba, amma da na tuna nawa biyu da suka koma tun suna goye, sai zuciyata ta bi tasu. Akwai kuma 'yan matan da suka zo goyon ciki gidan iyayensu. Na ce ai matan wasu garuruwa ne, a can za a sa su. Daga baya ɗaya daga cikinsu ta gaya mini can ma ba a sa ta ba, an ce tana gidansu. Ita da ɗanta ba su nan ba su can.

Kai namiji ne, ba za a nuna maka jariri ba, amma gidan mai jego ba ya ɓoyuwa. Ka dubi ƙofar gida. In ka ga an jibge itace fiye da na girki, ka ga ganyen runhu an zubar a bayan danga, ko ka ji ƙanshin kunun kanwa, to akwai sabon mutum a ciki. Ka yi barka tukuna, ka yi addu'ar Allah ya raya, ka bari su ce amin. Sannan ka ce a sa shi cikin mutane. In ba suna ka rubuta ɗan wance. Kada ka yi musu dariya a kan tsoron baki, don yawancinsu sun binne, kai ba ka binne ba.

Na uku shi ya fi ci mini rai, don wannan ba kunya ba ce, ba tsoro ba ne, ganin dama ne kawai. Ka san rugar Harɗo da ke bayan dutse, inda burtali ya ratsa ya gangara fadama. Tun kafin a kawo ni unguwar nan suke wurin. Samarinsu kan tafi da shanu kudu da rani su dawo, amma tsofaffi da mata da yara ba sa motsawa, har gero suke nomawa. Dije matar Harɗo kullum tana tsakar gidanmu da ƙwaryar nono, 'ya'yanta biyu a wurin Malam suka yi allo, Hausarsu ta fi Fillancinsu. Tafki ɗaya muke sha, maƙabarta ɗaya muke kai namu. Ran da nake rubutun ta same ni, ta leƙa takardar ta ce mi ake yi. Na gaya mata. Ta riƙe baki ta ce, "Malama, don Allah kada ki kai mu, daga mutane sai a koma kan shanu." Jangali take tsoro. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai mutanen gari aka ce. Na ji sauƙi ma, don ba sai na nemi izinin zagaya dutse ba, ga ƙafata ta gaji.

Mutanen gari. Wa ya gaya mini haka? Ba kowa. Ni na yanka wa unguwa iyaka da bakina, na tsayar da ita inda dangar gidan ƙarshe ta tsaya. Ruga guda, da tsofaffinta da jikokinta, na shafe su ina zaune a kan tabarma.

Ƙasar nan tamu ba kamar yadda take a taswirarku take ba. A takarda dutse zobe ne ƙarami, a ƙasa kuwa yana iya ɓoye gida goma. Wajen Karofi ban taɓa zuwa ba, amma an ce can ma haka ne, duwatsu da kwazazzabai da gonakin wake, gidaje a warwatse kowa a bakin gonarsa. Kada ka zauna gindin itace a kawo maka mutane. In mai unguwa ya ce iyakarmu ke nan, ka ce to, ka gode, sannan ka tambayi mata masu ɗebo ruwa su wa da wa suke haɗuwa da su a mashaya. Ka tambayi liman daga ina da ina ake kawo masa gawa. Ka bi sawun shanu, ka bi 'yar hanyar ƙafa ko da keke ba ya shiga, ka jingine shi ka taka. Inda ka hangi hayaƙi ka je. In ka isa ruga kada ka dubi garke, kada ka yaba shanu ko da wasa, ka zauna ka ba su baya, ka sha abin da aka ba ka. Ka gaya wa Harɗon wurin gaskiya cewa kai mutane aka aiko ka, in kuwa ba ka san ko littafinka zai kai hannun masu jangali ba, ka ce ba ka sani ba.

Da jibin ya zo malamin ƙidaya ya biyo, na aika masa da takardar a naɗe cikin ƙyalle. An ce ya yaba rubutun, ya ƙirga sunayen da bakin alƙalami, ya juya cikin littafinsa da boko, ya hau kekensa. Mai unguwa ya aiko mini da goro. Ban tambayi kowa mi za a yi da ita ba. Wannan ne kuskurena na huɗu, kuma shi ya haifi sauran. Na ɗauka abin Turawa ne na son sanin komi, a rubuta a ajiye, gara ta ci. Da na san ruwan da za mu sha ne nake rubutawa, wallahi da na cire kunya na ajiye a gefe kamar takalmi.

Sauran kai ma ka gani da idonka, sai dai ba ka san tushensa ba, ni ma ban sani ba sai ran nan. Bayan damina biyu masu haƙa rijiya na En'e suka zo da jakuna da kayan siminti. Yara suka bi su da gudu, har Kande ta rangaɗa guɗa. Suka ratsa ta gabanmu, suka sha ruwa a randar zaurenmu, suka ƙetare rafi suka sauke a unguwar Hayi. Mutanen Hayi da ko rabinmu ba su kai ba, da nan suke zuwa sallar idi. Muka ce magaji, wato dagacinmu, shi ne ya fi son su, muka ce suna da wani a Kurfi, har gaba aka yi ta shekara. Na ɗauki alhakin magaji da bakina, Allah ya yafe mini, ya kuwa rasu ban nemi gafararsa ba. Da mai unguwa Tanko ya rasu aka ƙi naɗa mana wani, aka ce mu bi na Hayi. Nan ma muka ce zalunci ne.

Da rani muna iya takawa rijiyar Hayi. Da damina kuwa rafi ya kawo, sai tafki. Ka tuna shekarar da kurkunu ya kwantar da Malam tun daga shuka har aka yi maimai, kai da ƙaninka kuka riƙe gona kuna kuka, geron da aka samu bai kai mu tsakiyar rani ba. Ka tuna Rabi. A gwiwa ya fito mata, ni nake naɗe shi a tsinke kullum da safe kaɗan kaɗan, ran nan ta motsa ya tsinke a ciki. Wata uku ba ta taka ba, ƙafar kuma har yau ba ta miƙe ba. Jiya na bi ta da kallo ta ɗauko tulu tana jan ƙafar nan.

Ba na cewa takardata ce kaɗai ta yi wannan. Abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure, kuma ban san duk abin da manya ke dubawa a majalisarsu ba. Malam ya ce kada in ɗora wa kaina abin da ban sani ba. Amma an ba ni shaida na rage, wannan kam na sani. A Hayi ba su da mace mai rubutu, mai unguwarsu da kansa ya tsaya ƙofa ƙofa ya kira kowa da sunansa. Mu da muke da mai ilimi, ga abin da ilimin ya yi mana.

Washegarin tafiyarka na kai wa Malam kunu, na durƙusa na gaya masa duka. Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Ai na karanta takardar kafin ki aika." Na ɗago na dube shi. Ya ce ya ga ba ka ciki, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna shi ma ɗan farinsa ne, ya naɗe ya miƙo mini. Shekara goma da wani abu muna ɗaki ɗaya da wannan, ba wanda ya taɓa tayar wa wani. Ban san lokacin da na ce inna lillahi ba. Mutum biyu masu karatu, ɗa ɗaya, muka kasa.

Na je na gaya wa Kande, don ita ce ta fara tambayata. Tana tsame ƙosai, ta tsaya da matsami a hannu har na kasko ya ƙone. Ta ce, "Ashe kunyarmu muke ta sha a tafki duk shekarun nan." Ta yi dariya, dariyar ta juye mata kuka, don nata na farin ne kurkunu ya shanye wa ƙafa har ya bar noma ya koma saƙar zana. Ta share ido ta ce wannan karon ko na cikin ciki sai an rubuta mata, in malamin ya yi gardama ta zuba masa mai.

Wannan ya kawo ni kan abu na ƙarshe, wanda ban yi ba tukuna amma an kawo mini shi har gida. Magana ta bazu, ka san unguwa. Shekaranjiya Sale ɗan marigayi mai unguwa ya zo wurin Malam a zaure, ina jin su. Ka san ya daɗe yana son a dawo da rawanin ubansa. Ya ce tunda an cuce mu a baya, bana sai mu rama. A sa waɗanda suka rasu tun daga waccan ƙidaya, ai da yawansu lokacin suna da rai ba a sa su ba, hakkinsu ne. A sa 'yan matan da aka aurar Wurma da Barkiya. Ya ce ko'ina haka za a yi, wanda ya tsaya gaskiya shi zai sake shan tafki. Ya ce Malama ce ta san sunayen, ita za ta rubuta.  Iya da ke kwance a maƙabarta, in tashe ta in sa ta layin rijiya? Na aika Rabi ta gaya masa, da ladabi, cewa na rage sau ɗaya na ga abin da ya haifa, ba zan ƙara ba in jira in ga nasa. In muka cika takarda da matattu, wata unguwa mai rayayyu ce za ta rasa, wata Rabin ce za ta ja ƙafa. Ya tafi yana cewa Malama ta kashe mu sau biyu. Wataƙila haka ne. Na kwana da maganar, ban canja ba.

Kai ma za a kawo maka irin wannan, kuma ba da faɗa za a kawo ba. Za a kawo da kaza da fura da "ɗanmu ne". Wani dattijo mai furfura kamar Malam zai riƙe hannunka ya nuna maka tafkin da suke sha, kuma gaskiya zai faɗa. Ka ci abincinsu in ka ji yunwa, ka ji kukansu, ka kai shi gaba da bakinka in ka sami mai saurare. Amma littafin ka bar shi yadda Allah ya bar garin. Kada ka rage kowa, kada ka ƙara kowa. Kada kuma ka yi musu alkawarin rijiya, ba a hannunka take ba. Ka dai gaya musu abin da ake yi da ƙidayar, a fili, da Hausar da tsohuwa za ta gane, ka sa a shiga a gaya wa mata. Ni da an gaya mini ko sau ɗaya, da ba ka karanta wannan ba.

Yanzu ga inda nake. An ce namu malamin ƙidayar yana nan tafe daga Kurfi, ba a faɗi rana ba. Ba wanda ya sa ni, amma na nemi izinin Malam na sake bin unguwa, kwana uku ina yi. Na fara daga auta a kowane ɗaki, na bi kakanni, na sa masu jego da 'yan goyon ciki. Na zagaya dutse da ƙafata, karo na farko tun da aka kawo ni. Ashe daga samansa ana hango har fadamar Hayi da bakin rijiyarsu fari fat. Dije ta tsufa, ba ta gani sosai. Na gaya mata abin da na yi musu, ta ce ai ita ta roƙe ni. Na ce ni ce mai alƙalami. Ta kira jikokinta ɗaya ɗaya suka tsaya a gabana, ta ce in rubuta, in shanun ne ma a zo a gani, ƙishirwa ta fi jangali. Ban sani ba ko malamin zai karɓi takardar ajami, ko yanzu sai ya ga kowa da idonsa. In bai karɓa ba, zan zauna bayan ƙofa ina duba tawa yana kiran tasa, in ya tsallake wani in yi gyaran murya.

Gidanmu na bari ƙarshe wannan karon. Na yi alwala, na rufe ɗaki, na rubuta sunanka a kan gaba, sama da na Rabi. Bakina bai faɗa ba, ba kuma zai faɗa ba, amma hannuna ya rubuta, da wasali da komi. Na daɗe ina kallonsa. Suna ne mai kyau, Malam ya iya zaɓe.

Da na nuna wa Malam sai ya ce kamar ya ji ka ce doka ita ce a ƙirga mutum inda aka same shi ran ƙidaya. In haka ne kai yanzu na Dutsin-Ma ne ko na Karofi, ba namu ba. Lokacin da kake kwana taku goma daga ɗakina na bar ka a waje, yau da na sa ka an ce ka tashi. Ban goge ba, ban kuma miƙa ba. Ba na so in buɗe takardar gaskiya da ƙari, bayan abin da na aika wa Sale. Ba na kuma so a tambaye ni sau biyu a duniya 'ya'yana nawa, sau biyun duka in ba da su ba kai.

Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa da na mutane. Ya ba ka ƙafar zagaya dutse, ya sa ka gama da kowa lafiya, ya dawo mana da kai cikin aminci. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka tace ruwan da za ka sha ko da da gefen rawani ne. Ka gai da mai masaukinka da iyalinsa.

Mai kawo maka wannan zai juyo bayan kasuwa ta tashi. Ka tambayi tsohon malamin naku, ka ba shi amsa ya taho mini da ita, ko layi biyu ne: in bar sunan ko in goge. In gogewa ce, ka gaya mini a littafin wane gari aka sa ka, kuma ka duba da idonka ka ga an sa. Don Allah ka amsa da wuri, kafin namu malamin ƙidayar ya iso.

Wassalam.

Daga wadda kake kira Goggo,
mahaifiyarka.